Shagon da ya haɗa wa ɗana akwatin tafiya makarantar sojan ruwa

Sai da akwatin nan ya je Akwa Ibom ya dawo Jos har sau uku kafin na yarda in buɗe baki a kan shagon da ya haɗa mana shi. Kayan makarantar kwana ba a ranar saye ake gane ingancinsu ba, sai sun sha damina guda a hannun yaro ɗan shekara goma sha biyu wanda uwarsa ba ta kusa. Yanzu shekara ta zagayo. Na zazzage akwatin a tsakar gida, na bi kayan ɗaya bayan ɗaya, kuma tun da aka fara kiran sababbin ɗalibai mata uku suka yi mini sallama da tambaya iri ɗaya: a ina kika yi sayayya, nawa kika kashe, me za mu kiyaye? Su nake ba amsa, da duk wata uwa da takardar kiran ɗanta makarantar kwana ta shigo gidanta.

Ɗana na fari ne ya samu gurbi a makarantar soja ta rundunar sojan ruwa da ke Ikot Ntuen, a ƙaramar hukumar Oruk Anam. Makarantar ita ce auta a cikin 'yan uwanta. Ta sojan ƙasa da ke Zariya tun 1954 take, ta sojan sama da ke nan Jos tun 1980, ita kuwa ta ruwa sai a 2018 aka buɗe ta. Shi ya sa in ɗanki Zariya za shi, ko a gidan suna kika yi tambaya sai kin samu wadda ta taɓa kai nata. Mu kuwa mun zagaye unguwa ba mu samu ko mutum ɗaya da ya taɓa taka Ikot Ntuen ba. Takardar jerin kaya ce kawai a hannunmu, shafi biyu cike, ga kwana goma sha shida kacal kafin ranar shiga.

Maƙwabciyata wadda ɗanta ke makarantar sojan sama ita ta kwatanta mini shagon. Yana cikin layukan da ke bayan Taminus, inda 'yan kasuwa suka bazu tun bayan gobarar babbar kasuwa a watan Fabrairun 2002. Ko allon suna babu a ƙofarsa, akwatunan ƙarfe da aka jera har rufi su ne alamarsa. Ba zan kama sunan mai shi ba, domin akwai inda zan yi ƙorafi, kuma ba tozarta shi na zo yi ba. Shagon ƙarami ne, mutum uku in sun shiga sai na huɗu ya tsaya a waje. A can ƙurya akwai tela da kekensa.

Na shiga da ledoji biyu na kayan da na riga na saya a wani wuri: bargo mai kauri, rigunan sanyi biyu, hular sanyi, da man shafawa babban gwangwani. Bayan mun gaisa, kafin in tambayi kuɗin komai, sai mai shagon ya ce, "Hajiya, wace makaranta?"

Na ce ta sojan ruwa.

"Ta Abeokuta, ko ta Kalaba, ko kuwa sabuwar nan ta soja zalla da ke Akwa Ibom?"

Nan na fara sakin jiki, domin mutane da yawa ba su san rundunar tana da sakandare irin ta kowa a garuruwa da dama ba, ita kuma wannan daban take. Ya karɓi takardar, ya sa tabarau, ya karanta ta tun daga sama har ƙasa bai yi gaggawa ba. Sannan ya leƙa ledojina, ya ɗaga bargon, ya ce, "Hajiya, sayayyar Jos kika yi wa yaron. Can ba sanyi ne zai dame shi ba, laima ce. Riga sai ta kwana biyu a igiya ba ta bushe ba. Ƙarfe ya yi tsatsa, fata ta yi fumfuna. Wannan bargon in ya jiƙa sau ɗaya, sai dai a yar."

Ashe a ƙuruciyarsa ya yi fataucin manja tsakanin Ikot Ekpene da Jos, ya san ƙasar da ƙafarsa. Ni malamar firamare ce, na sha koya wa yara cewa Jos tana kan tudun da ya haura mita 1,200, kuma ruwan da ake yi a bakin teku ya ninka namu. Amma da aka zo kan ɗana, sanyin Disamba na unguwarmu kawai nake gani, ina tuna yadda yake dunƙulewa a bakin murhu da asuba. Wannan gyaran da ya yi mini shi ne abu mafi daraja da na samu a shagon, kuma bai karɓi ko sisi a kansa ba. Hasali ma ciniki ya rage wa kansa, don yana da barguna a shagon.

Bari in ɗan ratse, saboda duk wadda ta zo mini sai ta tambaya yadda aka yi muka yarda. Ba da sauƙi ba. Hajiya, mahaifiyar maigida, ta yi kwana uku ba ta amsa gaisuwarmu da fara'a. Ta ce ina Bahaushe ina teku, yaron da ko rafin Dilimi bai taɓa tsallakawa ba, ga makarantar sojan sama nan a bayan gida. Maigida ya zauna a gabanta yana lissafo mata: Murtala Nyako na Mayo Belwa ya shugabanci rundunar sojan ruwa daga 1990 zuwa 1992, Awwal Zubairu Gambo mutumin Kano ya riƙe ta daga 2021 zuwa 2023, ko nan Filato ma a 1984 sojan ruwa ne, Samuel Atukum, aka naɗa gwamna. Ta saurare shi har ya gama, ta ce, "Waɗannan da ƙarfinsu suka tafi. Wannan kuwa jiya aka yaye shi." Babu wanda ya iya ba ta amsa. Yaron ne da kansa ya shawo kanta, ya dinga zuwa ɗakinta bayan magariba yana matsa mata ƙafa, har ranar da ta kira ubansa ta ce a bar shi ya je, Allah da ke tsaron tudu shi ke tsaron ruwa. Burinsa shi ne in ya gama ya nemi makarantar horar da hafsoshi ta Kaduna, ya sa fararen kaya. Tun yana aji huɗu yake faɗa.

To, akwati. Iri biyu ne a shagon. Akwai mai sheƙi da zanen furanni, marar nauyi, naira 24,000. Akwai baƙi, ƙirar maƙeranmu na gida, naira 38,000. Idona a kan mai sheƙin yake, ba don ado ba, don sauƙin ɗauka. Mai shagon ya sauko da duka biyun ya ajiye a ƙasa. Ya ƙwanƙwasa na farkon da bayan yatsa, ya yi ƙara kamar gwangwanin madara. Ya ƙwanƙwasa baƙin, sautin ya nutse. Sai ya ce da yaron, "Soja, hau." Ya hau mai furannin, murfin ya lotsa nan take, da ya sauka ya koma da ƙara. Ya hau baƙin, ko gezau.

"A kansa zai zauna, a kansa zai goge takalmi, a kansa abokansa za su tsaya su ɗaura gidan sauro. Araha ba ta ado, Hajiya."

Ya buɗe ya nuna mini cikin. An shafe shi da jan fentin nan mai hana tsatsa, har lungunan da aka naɗe ƙarfen. Hannuwan walda aka yi musu, ba ƙusa ba. Sannan ya sa yaron shagonsa ya ɗaure katako biyu a ƙarƙashi, tsawon akwatin, don kada gindinsa ya riƙa kwana a kan siminti mai danshi. Wannan ƙarin naira 1,500 ne. Bayan shekara guda na kifa akwatin na duba: katakon ya yi baƙi, ya sha ruwa, amma gindin ƙarfen yana nan kamar ranar da aka saya. Tsatsa a wuri ɗaya kawai na gani, wajen maratayin kwado.

Fararen kaya kuwa, zanin gado da singileti da safa da sauransu, bai zuba su haka kawai ba. Kowane kashi ya sa shi a leda mai kauri, ya jefa ƙwayar kafur biyu, ya matse iskar ya ɗaure. Ya ce wa yaron kada ya buɗe leda ta biyu sai ta farko ta ƙare, kuma kada ya kuskura ya mayar da rigar da ba ta gama bushewa ba cikin akwati, gara ya rataye ta a ƙarfen gado ko da za ta kwana uku. Ya ƙara masa bula da sabulun wanki na sanda, ya ce farin kaya a hannun sojan ruwa shi ne fuskarsa. Yana magana yana kallon yaron, ba ni ba. Na lura da wannan, kuma na ji daɗinsa, don daga ranar shi ne mai kayan.

Aikin da ya fi jawo mutane shagon shi ne sa suna. Ba da alƙalamin maka suke rubutawa ba, wanda wanki uku da bilic ke gogewa. Telan yana ɗinka suna da lamba da zare a kan siririn ƙyalle, sannan ya ɗinke ƙyallen a wuyan riga, ko ƙugun wando, ko kusurwar zanin gado. Bokiti da akwati fenti ake sa musu. Faranti da cokali da kofi kuwa da ƙusa da guduma ake huda haruffan, ɗigo-ɗigo.

A nan wani abu ya faru da ba zan manta ba. Mai shagon ya ɗauko takarda da biro ya ce, "Hajiya, sunan yaron?" Na yi shiru. Ɗan fari ne, kuma sunan mahaifin maigida gare shi. Shekara goma sha biyu ban taɓa furta sunan nan a gaban mutane ba. Na fara laluben takardar makarantar a jaka don in miƙa masa. Ya ɗago ya dube ni sau ɗaya, bai ce komai ba, ya juya ya miƙa wa yaron biron. "Soja, rubuta da kanka, da manyan baƙaƙe. Daga yau kai za ka riƙa amsa shi." Yaron ya duƙa a kan akwatin ya rubuta, harshensa a waje kaɗan kamar yadda yake yi in yana aikin gida. Mutumin da ya san wannan ba sai an gaya masa ba, ya san mutanen da yake ciniki da su.

Amma a wannan aikin sunan ne kuma suka fi ɓata mini rai.

Ranar Talata aka yi mana alkawari. Na ba da kafin alƙalami, fiye da rabin kuɗin. Talata na je, ba a gama ba, wai an ɗauke wuta. Keken telan na ƙafa ne, na gani da idona. Laraba na koma bayan an tashi daga makaranta, aka ce gobe. Gaskiyar magana ita ce sun karɓi aikin da ya fi ƙarfin tela ɗaya, don lokacin ne duk makarantun kwana ke komawa, kuma maimakon su faɗa mini tun farko sai suka riƙa ja na da gobe. Sai Alhamis da yamma aka ba ni kayan a ɗaure. Mu kuma Asabar da asuba za mu kama hanya.

Ranar Juma'a da hantsi na baje su a kan tabarma ina dubawa da takarda a hannu. Lambar yaron tana ƙarewa da 47. A kan zannuwan gado biyu, da tawul, da singileti uku, 74 aka ɗinka. Wanda bai san makarantar kwana ba zai ce ƙaramin abu ne. A wurin da ɗaruruwan yara ke da farin zani iri ɗaya, lambar da ba taka ba tana iya zama lambar wani, kuma yaron da aka samu da kayan da ke ɗauke da lambar wani, wace kalma za a kira shi da ita? Jikina ya yi sanyi. Na kira mai shagon, ya ce sun rufe sai an sauko daga masallaci. Ƙarfe uku na isa. Telan bai dawo ba sai bayan la'asar. Na zauna a kan benci ina kallo yana farke zaren da reza ɗaya bayan ɗaya yana sake ɗinkawa, aka kira magariba, aka kira isha'i, ina nan.

Mai shagon ya ba da haƙuri, ba sau ɗaya ba. Bai karɓi kuɗin gyara ba, ya kuma biya mini kuɗin keke har gida. Na yaba. Sai dai daren nan shi ne daren ƙarshe na ɗana a gida. Na yi niyyar in dafa masa gwaten acca da yake so, mu zauna da ƙannensa, in gaya masa abubuwan da na daɗe ina tarawa. Na shigo na tarar ƙanwata ta ba su abinci, shi kuma barci ya kwashe shi a kan kujera da takardar jerin kayan a ƙirjinsa. Wannan babu kuɗin keken da zai biya shi. Don haka duk wadda za ta kai aikin suna, ta kai da sauran sati biyu, kuma kada ta bar ƙofar shagon sai ta kwance ɗaurin ta karanta kowace lamba da idonta.

Akwai kuma maganar rasit. Jimilla kawai ya rubuta mini a 'yar takarda. Na ce a'a, a rubuta kowane abu da kuɗinsa. Ya ɗan ɓata fuska, amma ya rubuta. Da na kwatanta daga baya sai na ga akwati da gidan sauro da zannuwa farashinsu daidai ne da na kasuwa, amma ƙananan kaya, sabulu, omo, burushi, man goge takalmi, ya ɗora musu riba mai yawa. Waɗannan a saye su a wani wuri. Gaba ɗaya na kashe naira 236,000 a shagon, ban da kuɗin mota da na masauki.

Ranar da na je karɓar kaya na tambaye shi ko akwai yadda za a yi in sa dambun nama da yaji a ƙasan akwati, a rufe da zani. Na riga na yi dambun, kaji biyu. Ya girgiza kai. "Hajiya, abin da takarda ba ta ambata ba, kada ki sa. Za su zazzage akwatin a gabanki. Kuma ko ba su gani ba, kin koya masa ɓoyo tun ranar farko." Maganar ta yi mini nauyi, amma gaskiya ce. Dadduma da ƙaramin Alƙur'ani mai jakar zif kuwa shi da kansa ya ɗora su a sama, ya ce su ne abin da hannu zai fara taɓawa.

Mun tashi bayan sallar asuba, ni da maigida da yaron. Mararrabar Jama'a, muka gangara Hawan Kibo hazo bai gama washewa ba, Akwanga, Lafiya. A gadar Makurɗi ya manna fuskarsa a gilashi yana kallon Binuwai, ruwa mafi girma da ya taɓa gani ke nan, bai ce uffan ba har muka ƙetare. A nan muka tsaya muka ci dambun da burodi, na riƙa tura masa nawa. Muka bi ta Otukpo, muka kwana a Inugu. Washegari Umuahia, Ikot Ekpene, Abak. Tun daga Umuahia ruwa ya tsuge, ba irin namu mai zuwa da iska ya wuce ba, wani ruwa ne mai sauka a tsaye kamar ba shi da niyyar tsayawa. Itatuwan kwakwar manja hagu da dama, zufa tana bin bayana duk da ruwan. Na tuna bargon da na bari a gida.

A bakin ƙofar makarantar aka jera akwatuna a ƙarƙashin rumfa. Soja yana karanta takarda, yaro yana ɗaga abin da aka kira. Namu bai ɗauki lokaci ba. Ba a cire komai ba, ba a ce babu komai ba. A gefenmu wani uba yana ta kai da komo neman inda zai sayi abin da ya manta, wata uwa kuma an tara mata gwangwanaye da ledoji a gefe za ta koma da su, ɗanta yana tsaye kansa a ƙasa. A wannan lokacin na yafe wa mai shagon rabin laifinsa.

Sai aka ce iyaye nan za su tsaya.

A nan ne na ga aibin baƙin akwatin, kuma dole in faɗa: yana da nauyi. Yaron ya durƙusa, wani babban ɗalibi ya taya shi ya ɗora a ka, bokiti a hannu ɗaya. Wuyansa ya ɗan karkace, ƙafarsa ta yi rawa a taku na farko. Na yunƙura, maigida ya riƙe mini hannu. Ya ce da shi, "Ka riƙe salla, ka riƙe gaskiya, kada ka taɓa kayan kowa." Ni duk abin da na tara na shekara guda ya tsaya a maƙogwaro. Abin da ya fito kawai shi ne, "Allah ya yi maka albarka, Babana." Ya ce amin, bai iya juyowa ba saboda kayan. Ina kallon farin fentin sunansa a jikin akwatin yana ƙanƙancewa cikin ruwan sama har suka sha kwana. Ban yi kuka a gabansa ba. Daga nan har Ikot Ekpene kuwa maigida bai hana ni ba.

Da ya dawo hutun farko ya rame, ya yi duhu, ya ƙara tsawo, yana tashi kafin ladan ya gyara shimfiɗarsa tsaf. Zannuwan gado duka sun dawo. Ya ce sau biyu singiletinsa na ɓata a igiya ana dawo masa da shi saboda sunan. Safa kuwa ƙafa uku sun tafi, su ne telan ya ce sun yi ƙanƙanta ba za a sa musu ƙyalle ba. A ɗinka musu ko da harafi biyu ne da jan zare. Gidan sauron ya yi ƙwari, rigar ruwan ma haka. Tocilar caji ta mutu tun wata na biyu, mai batir ta fi.

Takalmin ne ya ƙona mini rai. Baƙin sau-ciki, naira 19,000, mai shagon ya ce mini fata ce zalla. A sati na shida ƙasan ya buɗe baki, ashe da gam aka manna shi, babu ɗinki ko ɗaya, saman kuma ya riƙa saɓulewa kamar bawon albasa. A makarantar da ake fita fareti ana duba ƙafar kowa, yarona ya yi kwanaki yana cusa takarda a ciki yana tafiya a hankali don kada a gani, har ya samu mai gyara. Bai gaya mini ba sai da na gani da idona. Da na tambaye shi dalili ya ce, "Umma, na san kin kashe kuɗi da yawa." Kwadunan ma, guda uku a fakiti, na baƙin ƙarfe ne, biyu sun cije da tsatsa har sai da aka fasa ɗaya. Mutumin da ya yi mini wa'azin tsatsa tun ranar farko bai kamata ya sayar mini da su ba.

Na ɗauki takalmin da kwadon na koma. Da farko ya so ya kare kansa, ya ce yaran soja ko takalmin ƙarfe aka ba su sai sun kashe shi. Ban yi musu ba, na ajiye takalmin a kan teburinsa. Ya ɗauka, ya sa babban yatsa ya ɓamɓare ƙasan, ya daɗe yana kallon cikin. Ya ce, "Wallahi Hajiya, a matsayin fata aka kawo mini." Ya mayar mini da rabin kuɗin, ya ba ni kwado biyu na tagulla kyauta. A ganina duka ya kamata ya mayar, kuma na gaya masa haka. Amma da na sake komawa bayan sati biyu, babu irin takalmin ko ƙafa ɗaya a kan kantarsa. Sabon takalmin a wani wuri na saya, na kai wa shumeka ya zagaye shi da ɗinki tun kafin a sa, ya kuma kai ƙarshen shekara lafiya.

In an tambaye ni ko a je shagon, cewa nake yi a je. A je don akwati, da fararen kaya, da sa suna, da kuma bakin mutumin, wanda zai hana ki sayen abin da ba ki buƙata. A je da takardar makaranta ta shekarar, kada a dogara da ta wani. A je da yaron. Takalmi da kwado da ƙananan kaya a nema a wani wuri, ko a duba su da kyau. Kada a yarda da alkawarin rana sai an ƙara kwana huɗu a kai.

Makon jiya muka koma sayayyar aji biyu. Wannan karon yaron ne ya riƙe takardar, ni ina zaune a benci. Ya ɗaga kowane zani ya duba ɗinkinsa, ya karanta lambobin da ƙarfi a gaban telan. Mai shagon ya sa aka sake bin sunan jikin akwatin da farin fenti, sannan ya ce, "Soja, kai ka je ka gani. Me zan gaya wa iyayen da za su zo bana?" Yaron ya yi ɗan tunani ya ce tawul mai kauri ba ya bushewa, gara marar kauri guda biyu, kuma a ƙara igiyar shanya da abin maƙale kaya, don iska na zubar da su cikin taɓo. Mutumin ya ciro biro daga aljihu, ya rubuta a jikin kwalin da ke manne a bango kusa da teburinsa, ƙarƙashin sunayen sauran makarantun: Akwa Ibom, tawul marar kauri biyu, igiya. Jibi Asabar za su kama hanya shi da babansa.